Hostel ko haya a gari? Abin da na gaya wa ƙanina

Ƙanina ya samu admishan bana, tun ranar da sunansa ya fito yake damuna wai shi ɗaki zai kama a waje, shi kaɗai, mai banɗaki a ciki, ba zai iya zaman hostel ba. Na ce to Malam, zauna in ba ka labari.

Ni shekara biyu na yi a hostel ɗin makarantarmu (sunanta dai a bar shi), ɗakin mutum huɗu ne a takarda amma mu tara muke kwana saboda sikwatas, ga kuɗin cizo, ga layin ruwa tun kafin asuba, in aka ɗauke wuta kowa ya hura risho sai ɗakin ya koma kamar gidan burodi. Duk wannan gaskiya ne ban ɓoye masa ba. Amma fa lissafin lebul wan da ya kusa kai ni ƙasa, wani ɗan lebul uku da ke gadon samana ne ya zaunar da ni dare biyar a jere yana min tutoriyal, ladansa kawai garau-garau in na dafa. A wajensa na samu tsofaffin tambayoyin jarabawa, shi ya gaya min wane lakcara ne ba ya wasa da atendans. Da na koma haya a shekara ta uku na samu barci da shiru, wallahi na samu, sai dai sau biyu ana matsar da lakca ban ji ba sai da na kashe kuɗin adaidaita na tarar da aji a kulle.

Abin da ya ba ni mamaki daga baya shi ne a Amurka wannan abin da muka samu bisa sa'a su tsari suka mayar da shi. Tun 1927 wani malami Alexander Meiklejohn ya gwada shi a jami'ar Wisconsin, ɗalibai suna kwana a gini ɗaya, ofisoshin malamansu ma a nan cikin ginin, karatu da hira duk wuri guda. Gwajin bai wuce 1932 ba amma tunanin bai mutu ba, jami'ar Michigan ta buɗe irin nata a 1967. Yanzu jami'o'insu da yawa tun wajen cike fom ɗin ɗaki za ka zaɓa, ko hawan 'yan injiniya ko na masu koyon wani yare, sai a haɗa ku a bene ɗaya ku ɗauki wani kwas tare, a ajiye muku siniya da ke kwana a nan yana lura da ku. Mu kuwa wanda netwok ɗinsa ya fi gudu ranar da aka buɗe fotal shi ke da gado.

Don haka na ce masa shekarar farko dai ya shiga hostel, in akwai hali ya nemi ɗakin da ke da ko mutum ɗaya ɗan dafatmen ɗinsu. In ya san gari ya san mutane, ya fita. Ya yi shiru, can ya ce to Yaya kuɗin katifa fa? Shi ma dai ni zan biya.