Kifin na gindin kututture, ni ina ta jifa tsakiyar tafki

Tafkin ƙarami ne, in ka yi magana a wannan gaɓa, na waccan gaɓar zai ji ka. Itatuwa sun kewaye shi ta ko'ina, ruwan kuma ja-ja kamar jiƙon sassaƙe, saboda ganyen da ke zuba ciki shekara da shekaru.

Na isa da sanyin safiya, na saƙala tana a ƙugiya, na wulla fatsa can tsakiya iya ƙarfina. A tunanina, inda zurfi yake nan manyan kifi suke. Awa 3 ina zaune, ko motsi babu. Duk lokacin da na jawo, baƙin laka da ruɓaɓɓen ganye ne ke biyo ƙugiyar, ga wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan warin ne ya fahimtar da ni. Itatuwa sun tare iska, ruwan ba ya gaurayuwa, ganyen da ke ruɓewa a ƙasa kuma yana cinye iskar oksijin da kifi ke shaƙa. Ashe a wurin da kifi ba ya iya zama nake ta ajiye masa abinci.

Na tattara na koma inda wata bishiya ta faɗi, rabinta cikin ruwa. Nan ma na yi kuskure: na zo da takun ƙarfi, sai ga ƙananan karfasa sun watse fyu! Kifi yana da wani layi a gefen jikinsa, daga kai zuwa wutsiya, da yake jin girgizar ruwa da shi. Kifi na ganinka mai jar koma, in ji masu magana. Ni dai na shaida yana jin ka tun kafin ya gan ka.

Na ja da baya, na zauna yadda inuwata ba za ta faɗa ruwa ba, na rage zaren ya zama tanar tana reto kamar kamu biyu a ƙasan ruwa, dab da rassan. Na yi shiru wajen minti 20. Ɗan karan da na ɗaura a zaren ya yi rawa sau biyu, ya tsaya, sannan ya nutse a hankali ya nufi ƙarƙashin kututturen. Tarwaɗa ce. Sai da na riƙe ta da ƙarfi, don in ta shige cikin rassa, an gama, zare ya tsinke.

Wajen cire ƙugiya ƙayar gefen kanta ta soke ni a tafin hannu, zafin har kafaɗa. Tun ranar, ta bayan ƙayoyin nake kama ta, da jiƙaƙƙen tsumma.

Guda 4 na kama, na mayar da biyu ƙanana. Tafki irin wannan ba kogi ba ne da zai kawo sabon kifi. Abin da ke ciki shi ke nan, kuma ina so in sake dawowa gindin kututturen nan.