Abin da na koya wajen tantance haɗarin mutum-mutumi a masana'anta

Lokacin da na fara aikin tantance haɗari a masana'antar da mutum-mutumi ke aiki kafaɗa da kafaɗa da ma'aikata, na ɗauka abin da ake so in gano shi ne ko na'urar tana da haɗari ko ba ta da shi. Na daɗe kafin in fahimci cewa aikin da aka ɗora mata ne ake aunawa, wato abin da take riƙe da shi, da saurin da take tafiya, da inda mutum zai iya samun kansa sa'ad da take motsi.

Wani ƙaramin hannun ƙarfe ne ya fara buɗe mini ido, irin wanda aka ƙera don ya yi aiki ba shinge, yana tsayawa da zarar ya ji ya taɓa jiki. Kowa ya saki jiki da shi, ni ma haka, sai ranar da na tsaya kusa na ga yana ɗauke da fallen ƙarfe mai kaifin baki, yana wucewa da shi daidai fuskar mai zaune a teburin. Ma'aunin ISO/TS 15066 na 2016, ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan tsaron mutum-mutumi masu aiki tare da mutane, ya ware wurare 29 a jikin mutum, ya nuna iyakar matsin da kowannensu zai jure, ya kuma bambanta bugun da mutum zai iya ja da baya daga gare shi da matsewar da ke danne hannu a jikin tebur. Ƙarfin da ba zai yi wa kafaɗa komai ba, idan ya taru a bakin ƙarfe mai kaifi, yanka zai yi. Muka sauke hanyar hannun ƙasa da ƙirji, muka rage saurinsa a gefen da mutum yake.

Darasin da ya fi zama mini shi ne cewa haɗari ya fi yawa a lokacin da aiki ya tsaya, wajen gyara ko shara ko cire abin da ya maƙale. A 1979, a masana'antar Ford da ke Flat Rock a jihar Michigan ta Amurka, ma'aikacin da hannun na'ura ya kashe ya hau rumbun kaya ne don ya ɗauko kayan da kansa. A 2015 kuma, a masana'antar Volkswagen ta Baunatal a Jamus, matashin da ya rasu yana cikin shingen da ke kewaye da na'ura ne yana aikin kafa ta.

Wata rana na tarar an manne makullin ƙofar shinge da salatif, ta yadda na'ura za ta ci gaba da aiki ko ƙofa na buɗe. Na fusata, har na fara rubuta rahoto, sai wani dattijon makaniki ya ce mini, "Injiniya, kafin ka rubuta, ka kwana da mu dare ɗaya ka ga sau nawa take sarƙewa." Na kwana. Kayan na maƙalewa a kai a kai, sake tayar da layin na cin lokaci, ga adadin da ake jira su cika kafin gari ya waye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa takarda kawai na sani. Da muka gyara magudanar da ke sarƙewa, dalilin manne makullin ya kau. Wannan shi ne jerin da ISO 12100, ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan tsaron injuna, ya shimfiɗa: a kawar da haɗarin tun daga ƙira, sannan a sa kariya, gargaɗi da horo su zo a ƙarshe, ko da yake a ganina mun fi son farawa da allon gargaɗi saboda ya fi araha.

Lissafi ma na koyi kada in yarda da shi sau ɗaya. Ana ƙiyasta cewa mai tafiya yana tunkarar na'ura da saurin mita 1.6 a daƙiƙa, da shi ake auna nisan labulen haske (layukan hasken da ke tsayar da na'ura idan mutum ya ratsa su) daga hannun na'urar, amma birki na cinyewa, lokacin tsayawa yana ƙaruwa, nisan da ya isa bara sai ya kasa bana. Yanzu duk lokacin da aka canja abin da hannun ke riƙewa ko aka taɓa saurinsa, nakan sake awon daga farko, kuma nakan zo ne lokacin da masu aikin dare ke miƙa wa na safe.