Inda rubutun fim ɗinmu ya kwana: daga daftari na farko zuwa na biyu

'Yan'uwa masu rubuta cikakken fim a matsayin aikin kammala digiri, ga inda namu ya tsaya. Daftari na farko ya ƙare a shafi 118, aikin da ke gaba kuwa shi ne a sauko da shi wajen 95. Labarin Hajara ne, matar wani ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya rasu ya bar bashin atamfa, wan mijinta kuma yana neman sayar da shagon alhali tana cikin takaba. Wata huɗu da kwana goma na takabar su ne agogon labarin. Sun kuma rage kuɗin ɗauka, tunda mafi yawan fitowa a cikin gida ɗaya suke.

Tsarin shafi ba abin jayayya ba ne, sai a bi kawai: rubutu samfurin Courier mai girman 12, inci ɗaya da rabi a hagu, inci ɗaya a sauran gefuna. Kowace fitowa ta buɗe da layi ɗaya na manyan baƙaƙe, kamar CIKI. ƊAKIN HAJARA. DARE. Bayanin abin da ake gani kada ya wuce layi huɗu a jere, kuma abin da kyamara za ta iya ɗauka kaɗai ake rubutawa. "Hajara ta tuna ranar aurenta" ba ya ɗaukuwa, amma "Hajara ta buɗe akwati, ta daɗe tana riƙe da mayafin lefenta" yana ɗaukuwa. Abu ɗaya da ya shafe mu musamman: tun ranar farko a fitar da shafi guda a matsayin PDF a duba ƙ, ɗ da ɓ. Wasu manhajojin suna nuna su daidai a fuskar kwamfuta, amma wajen bugawa sai su koma 'yan akwatuna.

An koya mana cewa shafi ɗaya minti ɗaya ne a allo. A rubutun Hausa wannan lissafin yana yaudara, kuma nan ne aikin ya fi cin lokaci. Gaisuwa ce ta farko. Fitowar ta'aziyya da ta cika shafi ɗaya, idan aka ba 'yan wasa sai su ƙara sallama, ya haƙuri, Allah ya jiƙansa, da shirun da ke tsakani, ta kai minti biyu da rabi. Waƙa ce ta biyu: layi ɗaya ne a takarda, amma minti huɗu ko biyar ne a fim. Maganin shi ne karatun zaune. A tara abokan aji, a raba musu sunaye, mutum ɗaya ya karanta bayani, wani ya riƙe agogon waya yana rubuta tsawon kowace fitowa a gefen shafi. Marubuci kada ya karanta komai, nasa sauraro ne. Jimillar waɗannan mintoci ita ce tsawon fim na gaskiya.

Gaisuwar ba yanke ta ake yi gaba ɗaya ba. Ana barinta inda take ɗauke da wani abu. Idan Hajara ta durƙusa ta gaida wan mijinta, shi kuma ya amsa da "lafiya" ɗaya tak yana danna waya, mai kallo ya riga ya san akwai magana. In ba haka ba, a fara fitowar bayan an gama gaisawa, a fita kafin a yi sallama.

Kafin a taɓa kalma ɗaya ta zance, an mayar da labarin kan katuka. Kati ɗaya fitowa ɗaya, a rubuta abu huɗu: wuri, lokaci, wa yake neman me, da abin da ya canza a ƙarshe. A shimfiɗa su a ƙasa sahu uku, kashi ɗaya cikin huɗu na shimfiɗa, rabi na tsakiya, ragowar na warwara. Katin da aka rasa abin rubutawa a layinsa na huɗu, fitowar ba ta da aiki, ko da zancenta ya yi daɗi. Katuka 62 aka fara da su, 51 suka tsira.

Katukan sun tona ciwon tsakiyar labari, wanda kusan kowane daftari na farko yake fama da shi: jarumar tana zaune, mutane suna shigowa suna kawo mata labari, tana kuka, suna fita. Takaba ta hana ta yawo, amma ba ta hana ta yanke shawara ba. Yanzu tana aiki ta hannun yaron shago, da waya, da littafin bashin marigayi da take bi layi-layi da dare. Wajen shafi 48 take gano cewa rabin bashin wan mijin ne ya ci da sunan ƙaninsa. Daga nan tambayar ta sauya, ba yadda za ta biya ba kuma, sai ko za ta tona asirin baffan 'ya'yanta. Ba tare da irin wannan juyin a tsakiya ba, rabin labari na biyu maimaicin na farko ne.

Zance sai a ƙarshe. Hajara ba ta kama sunan mijinta, "Alhaji" take cewa ko "marigayi", wansa kuma "Yaya". Ba za ta taɓa ce masa ɓarawo ba. Za ta ajiye littafin a gabansa a buɗe ta ce, "Yaya, ko za a duba mini nan, idona bai gane rubutun ba." Karin magana a ba mutum ɗaya ko biyu, don idan kowa yana yi sai bakinsu ya zama ɗaya. Wanda aka ba Sakkwatanci kuma ya riƙe shi har ƙarshe.

Wanda yake fatan a ɗauki fim ɗinsa a Kano ya rubuta da sanin Hukumar Tace Finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001. Taɓa juna tsakanin namiji da mace ba ya wucewa, don haka maimakon "ya riƙe hannunta" a nemo abin da zai tsaya a madadinsa tun a takarda, kamar miƙa makullin shago a ajiye a tsakaninsu. A ƙirga wurare ma: kowace fitowar dare tana nufin janareto da fitilu, fitowar cikin kasuwa kuma neman izini da hayaniyar da ke ɓata sauti. Namu na kasuwa an rage su zuwa uku.

Ɓangaren jami'a kada a bar shi sai ƙarshen zango. Rubutun fim yakan tafi da rahoton da ke bayyana dalilin kowane zaɓi, kuma ba a iya tuno dalilan bayan wata biyar. Kowane daftari a ajiye shi da lamba da kwanan wata, kada a rubuta sabo a kan tsoho, a tura kwafi zuwa imel. Idan malami mai duba aiki ya ce shafi 70 ya yi sanyi, a yarda da shi, amma a nemi sanadin a baya, galibi wani abu ne da ba a dasa ba a shafi 20.

Abin da ya rage yanzu shi ne sake rubuta katuka na 26 zuwa 40 bisa sabon juyin, sannan karatun zaune na biyu da mutanen da ba su ji na farko ba.