Ni da ɗana da tsohuwar waya

Ɗana yana aji 3 a firamare na gane ashe ba karatu yake yi ba, hadda ce. In na buɗe masa shafin da aka yi musu a aji, sai ya zubo shi kamar ruwa. Rannan na rufe hoton da tafin hannuna, na nuna masa kalmar "ƙofa" ita kaɗai. Shiru, yana kallon silin. Ban ga laifin malamarsu ba, yaran ajin sun fi ƙarfin mutum ɗaya.

Tsohuwar wayata mai fasasshen gilashi na ware masa. Na sauke gajerun labaran Hausa daga African Storybook, wani shafin littattafan yara a intanet, kyauta ne, kuma in an sauke ba sai da data ba. Sai dai abin da ya fi yi mana amfani shi ne ɗaukar murya kawai. Bayan magariba ya karanta layi 4, in ɗauka, mu saurara tare. Da kunnensa ya ji kansa yana cewa "kafa" a wurin "ƙafa", "bari" a wurin "ɓari". Ya fashe da dariya, ya ce, "Umma, goge, mu sake."

Minti 15 nake ba shi, ina zaune kusa. In na tashi duba tukunya, kafin in dawo ya shige wasan mota.

Jiya a adaidaita sahu ya karanto min allon wani shagon ɗinki, gaɓa-gaɓa, har direban ya waiwayo.