Jar fitilar da ta daina kamawa, da batirin da na saya a banza

Tsohuwar tarakta mai injin dizal, da zarar ta tashi, ba ta da sauran buƙatar wutar batir. Famfon mai ne ke tura gazuwal da ƙarfin juyin injin kansa, babu filogi, babu tartsatsi, kuma ba ta mutuwa sai an ja sandar kashewa. Wannan hali ne ya sa muke son irin waɗannan injina a nan Maradi, shi ne kuma ke ɓoye ciwon caji har sai ya ci wa mutum kuɗi. Tawa Massey Ferguson ce mai injin Perkins mai silinda huɗu. Da damina ina yi wa mutane huɗa da ita daga Jiratawa zuwa wajen Madarunfa, da rani kuma tana jan tirela ta kai taki gonaki.

A ƙarshen bazarar da ta wuce sitata, wato na'urar da ke tayar da inji da wutar batir, ta fara juyawa da nauyi da safe, daga baya ta koma sai dai a ji ƙas, shi ke nan. Direbana ya samo dabarar kwana da ita a kan gangare, ya sake ta ta tashi a giya, ta wuni tana aiki lafiya lau. Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai na kira wani mai gyaran wutar mota. Ya sa aka tayar da ita, ya cire kan batir tana cikin aiki, injin bai mutu ba, sai ya ce: "Alhaji, ka gani da idonka, altaneto lafiyarsa ƙalau, batir ne ya mutu." Altaneto shi ne na'urar da ke cajin batir in inji na juyawa.

Har yau in na tuna wannan gwaji raina yana ɓaci. A motar fetur ma gwaji ne mai hatsari, domin cire batir inji na juyawa yana iya sa wuta ta yi tsalle ta ƙone diyod da regilato, ƙananan na'urorin da ke daidaita wuta a cikin altaneto. A tsohuwar tarakta mai dizal kuwa ba ya nuna komai ko kaɗan, tun da ko an ɗauke altaneton gaba ɗaya an ajiye shi a gida, injin zai ci gaba da juyawa. A kan wannan shaida ce aka sa ni sayen sabon batir mai amfiya 100, na ba da tsohon a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, na cika sauran da kuɗin da na tanada don gazuwal ɗin farkon damina.

Sabon batir ya zo da cajinsa, don haka ya rufe asirin matsalar na ɗan lokaci. Bai tashi nuna gazawa ba sai da ruwan shuka ya sauka a watan Yuni, lokacin da masu gonaki ke sallama a ƙofar gidana tun da asuba. Wanda ya san ƙasar bakin Gulbi ya san cewa huɗa tana da ranakunta, in danshi ya wuce ƙasa ta ɗaure, kuma manomi ba zai zauna jiran taraktar da ba ta tashi ba alhali maƙwabcinsa na da shanun huɗa. Aikin da ya kuɓuce mini a waɗannan kwanaki ya fi kuɗin batir ciwo.

Aka kwance altaneto aka kai shi cikin gari. An ɗora shi a kan tebur an juya shi, ya ba da wuta daidai, aka sauya masa gawayi, wato ƴan burushin da ke kai wuta cikinsa, don kada a ce ba a yi komai ba, muka dawo da shi muka ɗaura, batir ya ci gaba da raguwa. Sai daga baya na gane dalili: a kan teburin gwaji akwai fitilar da mai gwajin ke haɗawa da kansa, ita ce ke ba altaneto abin da taraktata ta daina ba shi.

Wanda ya warware mini abin wani dattijo ne da ya daɗe yana gyaran manyan motoci, kuma shi ne na farko da ya zo da mitar auna wuta maimakon ya yi hukunci da ido. Ya auna batir inji na kashe, ya sami bolt 12.1, ya ce cikakken batir ya kamata ya nuna kusan 12.6. Aka ja ta ta tashi, ya sake aunawa, lambar ba ta motsa ba, alhali in ana caji ya kamata ta hau tsakanin 13.8 da 14.4. Ya danna bel da babban yatsa, ya ga bai lotsa fiye da santimita guda ba, ya kankare kan batir da wurin da baƙar waya ke kama jikin inji, duk ba a nan take ba. Sai ya ce: "Ɗana, kashe ta. Yanzu murɗa makulli, amma kada ka tayar. Wace fitila ce ta kama?" Ta man inji ta kama, mai hoton batir ba ta kama ba. Na tambayi direba tun yaushe, ya ce tun cikin hunturu bai ƙara ganin ta ba, kuma shi a tunaninsa jar fitila in ba ta kama ba, alamar lafiya ce.

Ga abin da dattijon ya bayyana mini, wanda nake ganin ya wajaba duk mai tarakta ya sani. Altaneto ba ya iya fara ba da wuta sai an fara ba shi ƴar kaɗan, wadda za ta mayar da abin da ke juyawa a cikinsa ya zama maganaɗisu. A irin waɗannan tsofaffin injina, wannan ƴar wuta tana tasowa daga batir, ta bi ta makulli, ta ratsa ƙwan jar fitilar nan, sannan ta sauka a kan ƙaramar tashar da ke bayan altaneto, wadda ake rubuta wa IND ko D+ ko 61. Shi ya sa fitilar take kamawa in an murɗa makulli, ta mutu in inji ya tashi, domin a lokacin altaneto ya fara ba da tasa wutar, ɓangarorin ƙwan biyu sun yi daidai. In ƙwan ya ƙone, hanyar ta yanke. Kamar rijiyar burtsatse ce da famfonta ya bushe, wanda sai an zuba masa ruwa kaɗan kafin ya fara ɗebowa. Don ya tabbatar mini, ya ɗauki wani ƙwai mai wayoyi biyu, ya taɓa ɗaya a kan jan kan batir, ɗaya a kan ƙaramar tashar, inji na juyawa a hankali. Nan take muryar injin ta ɗan sauya, mita ta hau 14.2.

Da muka buɗe allon gaban direba, ƙwan ya yi baƙi, mazauninsa kuma ya cika da ƙura da tsatsa. Kuɗinsa bai kai na litar gazuwal ba. Wannan ƙwai ne ya sa na sayar da batirin da wataƙila caji kawai yake buƙata, ya sa aka buɗe altaneton da ba shi da laifi, ya kuma raba ni da gonakin da na saba nomawa kowace shekara.

Akwai abin da ya sa ciwon ya daɗe bai fito fili ba. Ƙarfen cikin altaneto yakan riƙe ragowar maganaɗisu, don haka in aka ba inji wuta sosai, wani lokaci yakan tada kansa ba tare da fitilar ba. In ana aiki mai nauyi sai ya yi caji, amma da rani, lokacin da tarakta ke tafiya a hankali da tirela, ana kashewa ana tayarwa a kowace gona, batir sai bayarwa yake yi ba ya karɓa. Zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, ya ƙara masa da ƙafar da ruwan ciki. A nan ma sai a kula: ruwan batir da aka tace ake ƙarawa, ba na rijiya ba, ba kuma asid ba.

Sabon batirin ma bai fita lafiya ba. Batirin dalma in ya zauna babu caji, wani farin gishiri yana daskarewa a kan farantansa, kuma ba duka ke narkewa ba ko an sake cika shi. Mun sa shi a caji mai sanyi ya kwana, yana tayar da ita yanzu, amma ina jin bambanci a safiyar sanyi.

Na sayi mita tawa, na koya wa direba inda zai ɗora wayoyinta, na kuma hana kowa cire kan batir inji na aiki. Kowace safiya sai ya murɗa makulli ya ga jar fitilar ta kama kafin ya tayar, ya ga ta mutu bayan ya tayar. Da na je sayen ƙwan ajiya, mai shago ya miƙo mini irin na zamani, LED, ya ce ya fi haske kuma ba ya ƙonewa. Dattijon ya riga ya gargaɗe ni cewa wutar da irin wannan ke bari ta wuce ta yi kaɗan ƙwarai, sau da yawa ba ta isa ta tada altaneto, sai mutum ya ga fitila na kamawa amma caji babu. Na mayar masa, na karɓi na gargajiya mai zare, mai wat 2, na sa shi a cikin akwatin sifana.