Gudun taimakon marayu da ya kai abokina gadon asibiti a Garwa

Har yanzu raina bai gama hucewa ba kan abun da ya faru a gudun taimakon marayu da aka yi mana nan Garwa ta ƙasar Kamaru bayan ƙaramar sallah, shi ya sa na ce bari in faɗa ko dattawa irina masu shiga irin wannan gudu za su ɗauki wani abu. Shekarata 61, tela ne ni, likita ne ya tashe ni daga kan keken ɗinki ya ce Baba in ba ka fara motsa jiki ba hawan jinin nan zai kwantar da kai. Da tafiya na fara, tafiya ta koma sassarfa, yanzu kilomita 10 ba ta ba ni tsoro in dai da sanyin safiya ne. Mu 'yan tsirarun tsofaffi muna da mahaɗarmu, in an sallame asuba sai mu zaga ta wajen filin ƙwallo na Roumdé Adjia inda aka buga wasannin kofin Afirka a farkon 2022, kafin ƙarfe 7 kowa ya koma gida ya yi wanka ya fita nema.

Gudun taimako kuwa duk wanda na ji labarinsa ina ƙoƙarin shiga, na masu ciwon suga, na ciwon dajin mama da ake yi a watan Oktoba, na naƙasassu, kuma mafi yawansu lafiya lau aka yi aka tashi ba abun da zan ce a kansu. Wannan na watan Afrilu shi ne ya tsaya min a rai.

A takardar da suka manna an rubuta tashi ƙarfe 6 da rabi. Na duba na ce to ba laifi, rana tana fitowa wajen 6 a wannan lokacin, ni kilomita 10 tana cin min awa ɗaya da kwata ko da ɗan ɗori, kenan kafin 8 na shigo zafi bai fara cizo ba. Duk wanda ya san Garwa a Afrilu ya san da rana zafi yana wuce digiri 40, garin a kwari yake bakin Binuwai, wani lokacin ko ganye ba ya motsi. Lissafin dattijo gaba ɗaya a kan awa biyun nan na safe yake, in ka ƙwace masa su ka ƙwace masa komai.

Kowa ya biya sefa 2000 aka ba shi riga da lamba. Ƙarfe 6 muna wurin. 6 da rabi ta yi ta wuce, 7 ta yi, sai mai lasifika ya ce a yi haƙuri babban baƙo yana hanya. An kafa musu rumfa da kujeru da ruwan sanyi cikin kula, mu kuma muna tsaye kan kwalta an ja mana igiya wai kar mu watse saboda masu ɗaukar hoto. Sai bayan 8 motocinsu suka shigo. Daga nan aka shiga jawabi, wannan ya yi da Faransanci wancan ya maimaita da Fulatanci, a gode wa wane a gode wa wane, aka kawo marayun kansu, yara ƙanana wallahi, aka jera su cikin rana su ma. Lokacin da aka busa usur na kalli agogona, 9 saura 'yan mintoci.

Yaro ɗan shekara 20 wannan tsayuwar ba ta yi masa komai, zai ruga ya gama cikin minti 40 ya zauna inuwa. Mu kuwa ɗumin jikin da muka yi tun 6 ya tafi a banza, gwiwa ta sandare, kokon da aka sha da asuba ya bar ciki, gumi yana ta zuba tun ba a taka ko taku ɗaya ba. Mai gudu cikin zafi yana iya zubar da lita ɗaya har biyu na gumi a awa guda. Kuma abun da yara masu shirya abun nan ba su sani ba, idan shekaru sun ja ƙishirwa ba ta saurin gaya maka, jikinka ya bushe kai ba ka ji ba. Ga shi da yawanmu muna kan maganin hawan jini, wani irinsa mai sa yawan fitsari ne, dama ruwan jikin a rage yake tun daga gida.

Tebur na farko mun samu ruwan leda, ɗaya ɗaya. Na biyu da muka iso babu komai sai kwali jiƙaƙƙe da ledoji a warwatse kan kwalta suna santsi a ƙarƙashin takalmi, yarinyar da aka sa a wurin tana cewa Baba ku yi haƙuri na gaba sun kwashe. Ba na ganin laifin samarin, su ma zafin ya dame su, kowa ya ɗauki uku huɗu ya sha ɗaya ya zuba sauran a ka. Laifin na wanda ya ƙirga ruwa don gudun 6 da rabi ne sannan ya bari aka yi gudun ƙarfe 9. Tebur na uku ma an naɗe shi gaba ɗaya kafin mu zo. Sannan 'yan sandan da suka tare hanya, su an gaya musu zuwa 8 da rabi an gama, ga 'yan moto da masu kaya sun taru suna ta hon, dole suka buɗe. Sai ga mu tsofaffi da wasu mata muna gudu a gefen titi cikin hayaƙi, kwalta kamar tandar waina, motar asibitin kuma da na zata tana bayanmu ashe ta bi na gaba ta je ta tsaya wurin rumfar manya.

Abokin guduna, Malam muke ce masa, tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ya ɗan girme ni kuma ya fi ni ƙafa, kullum shi ke gaba ina binsa. Wajen kilomita ta 8 na ga yana tangaɗi, yana barin gefe yana shiga tsakiyar titi inda motoci suke. Na ce Malam lafiya? Ya ce min sanyi yake ji. Gabana ya faɗi. Na kama hannunsa na ji fatar zafi rau, tsigar jikinsa duk ta tashi, sai ya fara min maganar ɗalibai wai a tattara masa takardun jarrabawa lokaci ya ƙare. Kafin in ce wani abu gwiwarsa ta lanƙwashe.

Allah ya saka wa wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai a gindin dalbejiya da alheri, ban san sunanta ba har yau. Ita ta ƙwala mana kira ta ce Baba ku kawo shi nan inuwa, ku kawo shi. Ta janye kaskonta gefe, muka kwantar da shi kan buhun da take zama a kai, muka cire masa rigar nan ta leda mai kauri da aka raba mana, ta juye masa jarkar ruwanta gaba ɗaya tun daga ka har ƙafa, ta cire mayafinta ta jiƙa tana sa masa a wuya da hammata, 'yarta tana fifita da faifai, wani mai shago ya rugo da ƙanƙara cikin leda. Mun jima a haka kafin ya buɗe ido ya gane ni. Na kira ɗansa a waya ya zo da mota suka wuce asibiti. Daga baya likita ya ce wannan sanyaya jikin da aka yi nan take, kafin a ɗauke shi, shi ya taimake shi, domin idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 har mutum ya fara sambatu kowane minti yana cin ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda. Ya ce kuma mun yi daidai da ba mu ɗura masa ruwa a baki ba lokacin da ba ya cikin hayyacinsa, da zai iya shaƙewa.

Ƙodar ce ta taɓu. Ashe da asuba Malam ya sha ƙwayar ciwon gwiwa, diklofenak, irin wadda ake samu a teburin masu magani a kasuwa, don kar gwiwar ta dame shi a hanya, kuma na san dattawa da yawa masu yin haka. Likita ya ce ita da ibuprofen da danginsu suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, in aka haɗa da bushewar jiki da zafi sai ƙodar ta kasa. Alhamdulillahi bai kai ga wankin ƙoda ba, ƙarin ruwa da kwanciya aka yi ta yi har ta dawo, amma kuɗin da iyalinsa suka kashe ya ninka abun da mu tsofaffin gaba ɗaya muka bayar don marayun. Ƙwayar ta taka rawa, ban musa ba. Amma Malam ya sha yin kilomita 10 da gwiwar nan da safe ya dawo lafiya. Da an tashi 6 da rabi kamar yadda aka rubuta, da ƙarfe 8 yana gidansa yana shan shayi.

Ni na ƙarasa sauran hanyar da ƙafa don motona yana can wurin tashi. Na tarar ana kwance rumfa, manya sun tafi tun tuni, ba wanda ya san ma akwai mutane a hanya balle ya san wani ya faɗi. Na samu ɗaya daga cikin masu shiryawa na gaya masa, ya ce kai Baba Allah ya sawwaƙe, ai irin wannan gudu ba na tsofaffi ba ne. Wannan maganar ta fi ranar ƙona ni. Lokacin karɓar kuɗin riga ba wanda ya tambaye mu shekara. Kuma zafi ba ya duba shekara: a gasar duniya da aka yi a Doha a 2019 tsakar dare aka tayar da gudun fanfalaki na mata saboda zafi, duk da haka cikin mata 68 da suka tashi 40 ne kawai suka ƙarasa, kuma waɗannan su ne gwanayen duniya. A wasannin Olamfik na Tokyo ɗauke gudun aka yi gaba ɗaya aka kai Sapporo can arewacin Japan, na mata ma aka matso da shi ƙarfe 6 na safe. Su can agogon gudu ake gyarawa saboda rana, mu nan a Garwa cikin Afrilu ana ajiye mutane kan kwalta saboda kujera ɗaya ba kowa a kai.

To yanzu ni na yi wa kaina doka kuma ba na jin kunyar faɗa. Daga Maris har ruwa ya sauka, in 7 da rabi ta yi ba a busa usur ba, na cire lambata na tafi gida. Kuɗina ya riga ya shiga, marayu ba su yi asarar komai ba don ban yi gudu ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Lokacin hunturu zan iya ɗan ƙara haƙuri, shi matsalarsa ƙura ce da bushewar maƙogwaro, kuma shi ma yana busar da mutum ba tare da ya ga gumi ba. Wanda ya taɓa gudu a Ngaundere kar ya ɗauki lissafin can ya kawo nan, can kan tudu ne sama da mita 1000, safiyarsu daban take da tamu da ta Marwa.

Ruwa kuma ban ƙara dogara da teburin kowa ba. Ina riƙe ƙaramar gorata, sannan ina sa jikana ya jira ni da moto a rabin hanya da wata, cikinta ruwan gishiri da suga irin wanda ake haɗa wa yara masu gudawa, lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kurɓa ake yi kaɗan kaɗan, ba a ɗura wa ciki lokaci ɗaya ba. Da safe ina duba fitsarina, in ya yi duhu na san ban shirya ba. Rigar da suke rabawa in mai kauri ce ko mai duhu ina sawa a yi hoto in cire in sa farata mara nauyi, da hula. Dabino biyu uku a aljihu saboda jira. Ƙwayar ciwo kafin gudu kuwa na hana duk wanda ke jin maganata, in gwiwa ba za ta iya ba sai da ƙwaya to ranar ba ranar gudu ba ce. Mai shan maganin hawan jini ko na suga dan Allah ya je ya tambayi likitansa yadda zai sha shi ranar gudu, kar ya daina da kansa kuma kar ya yi shiru. Kuma mu riƙa tafiya biyu biyu, domin mutumin da zafi ya fara taɓa wa kai ba ya sanin ya taɓu, Malam cewa yake yi lafiyarsa ƙalau a bar shi ya ƙarasa. Da shi kaɗai ne a wannan titin ban san abun da zan rubuta yau ba.

Da Malam ya samu sauƙi mu tsofaffin muka haɗu muka je wurin masu shirya gudun, don mun ji suna shirin wani a ƙarshen shekara. Ba faɗa muka je yi ba, aikin marayu aikin lada ne kuma muna so ya ci gaba. Muka ce a busa usur a kan lokaci ko baƙo ya zo ko bai zo ba, jawabi a bar shi sai an dawo, ai ya fi ma daɗi ya tarbi masu shigowa ya miƙa kyauta. Muka ce a ware ruwan na baya a ƙarƙashin tebur kar a fito da shi sai na gaba sun wuce, motar asibiti ta bi mutum na ƙarshe, kuma kar a buɗe hanya sai ta wuce. Na ruwa da na mota sun ce ba matsala. Na lokaci ne suka yi ta kame kame, wai Baba ba za ka gane ba, in aka fara babu babban baƙon zai ji an raina shi kuma shi ke kawo gudummawa mafi tsoka. Na ce to ku gaya masa ya zo 6 da rabi, ko ku gaya masa labarin Malam ku ji abun da zai ce, ni ban yarda akwai babban mutumin da zai so a kwantar da dattijo a asibiti saboda shi ba. Sun ce za su zauna su kira mu. Har yau ba su kira ba, mu ma ba wanda ya sayi riga a cikinmu tukuna.