Daga Pullman Zuwa Corvallis, Kallon Wasan Marayu Biyu

Mun bar Pullman, a jihar Washington ta Amurka, bayan sallar asuba ranar Juma'a, 22 ga Nuwamba, 2024, ni da Yaya, a tsohuwar motarsa mai 'yar jar tuta a jikin gilashi. Ba ciki ɗaya muka fito ba, amma tun ranar da na sauka garin don karatun ilimin ƙasar noma shi ya riƙe ni, ya nuna mini masallaci da inda ake samun naman halal, don haka Yaya nake ce masa. Ya haura shekara 20 a nan, kuma ciwon da ke kama mutanen garin ya kama shi, wato son ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a hannu ana gudu ana ture juna. Ƙungiyarsa ita ce ta jami'armu, Washington State. Tafiyar kilomita kusan 700 ce a gabanmu zuwa Corvallis a jihar Oregon, don mu kalli wasa da Oregon State.

A Amurka jami'o'i kan haɗu su kafa gamayya, su riƙa wasa da juna, su sayar wa gidajen talabijin haƙƙin nuna wasannin a dunƙule, sannan su raba kuɗin. Tamu sunanta Pac-12, domin jami'o'i 12 ne a cikinta. A shekarar da muka yi wannan tafiya saura biyu: mu da waɗanda za mu je wajensu.

Ba mu yi rabin awa ba muka shiga Colfax, ƙaramin gari a cikin kwari, gari bai gama wayewa ba. Yaya ya rage gudu ya nuna mini ginin kotu. Ba wani gini ba ne na azo a gani, amma a nan ne a watan Nuwamba na 2023 alƙali Gary Libey ya yanke cewa jami'o'i biyun da aka bari su ne masu iko da gamayyar da dukiyarta, ba goman da suka ɗaure kayansu ba. Yaya ya ce, "Ƙanena, ka ga nan? Da ba don wannan ɗakin ba, da ko tabarmar da muke zaune a kai sun naɗe sun tafi da ita." Daga baya aka sasanta, masu tafiyar suka bar dala miliyan 65 a baya.

Daga Colfax muka miƙi hanya ta yamma, cikin tuddan Palouse. Duk inda ido ya kai gonar alkama ce, wani wuri karan da aka girbe, wani wuri sabon tsiro kore shar da aka shuka da kaka. Gundumar Whitman, inda Pullman da Colfax suke, tana cikin waɗanda suka fi noman alkama a duk Amurka, amma za ka yi tafiyar minti goma ba ka ga gida ba. Yaya ya ce to wannan shi ne laifinmu gaba ɗaya: alkama ba ta kallon talabijin. Pullman mutum dubu 30 da 'yan kai ne, filin wasanmu ma kusan yawan mutanen garin yake ɗauka. Su kuwa masu sayen wasanni gidaje suke ƙirgawa, gida nawa ne za su kunna talabijin in an sa wasanka.

A kan wannan hanyar ya warware mini yadda abin ya faru, tiryan-tiryan, kamar mai ba da labarin rasuwa. A ƙarshen watan Yuni na 2022, USC da UCLA, jami'o'i biyu na birnin Los Angeles, suka ce za su koma gamayyar Big Ten. Bayan 'yan makonni Big Ten ta sa hannu da gidajen talabijin na Fox da CBS da NBC a kan kwantiragin shekara bakwai na sama da dala biliyan 7. Pac-12 ta shiga kasuwa neman mai saye ba tare da babban birninta ba, ta yi ta yawo fiye da shekara. A ƙarshe abin da shugabanta George Kliavkoff ya kawo tayin Apple ne, na nuna wasa ta intanet, wanda kuɗinsa ya dogara da yawan masu biyan kuɗin kallo. Colorado ta riga ta fice a ƙarshen Yulin 2023. Ranar Juma'a 4 ga Agusta, jami'o'in Oregon da Washington, waɗanda daban suke da Oregon State da Washington State, suka bi sahun Big Ten, kafin dare Arizona da Arizona State da Utah suka nufi gamayyar Big 12. Farkon Satumba Stanford da Kalifoniya, waɗanda ke bakin tekun Fasifik, suka shiga gamayyar da sunanta ma na gaɓar Atlantika ne.

Abin da na lura, Yaya bai cika zafi a kan USC ko gidajen talabijin ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Fushinsa yana kan jami'ar Washington ta Seattle, 'yar'uwarmu ta jiha ɗaya, wadda muke karawa da ita tun 1900. Ita da Oregon sun yarda su shiga Big Ten da kusan rabin kaso, wajen dala miliyan 30 a shekarar farko, don dai su samu wurin zama. Kuma a watan Maris na 2024 daraktan wasanninmu, Pat Chun, ya ajiye aiki ya koma can. Na ce masa ai shi ma neman abinci ya tafi. Ya yi shiru har muka kusa Pasco.

Mun tsallaka kogin Columbia a Umatilla muka shiga Oregon, daga nan hanya ta bi gaɓar kogin zuwa yamma. Ban taɓa ganin ruwa mai faɗi haka a tsakanin duwatsu tsirara ba. Injinan iska jere a kan tuddai, jirgin ƙasa mai tsawon gaske yana tafiya a ɗaya gaɓar, kwale-kwalen dakon hatsi yana gangarawa a hankali zuwa Portland. Muka tsaya a wani wurin hutawa, iska tana neman ƙwace mana hula. Yaya ya buɗe but ya ɗauko burodi da gwangwanin cukun da jami'armu ke yi, Cougar Gold, ya yanka da 'yar wuƙa, ga shayi mai citta a fulas. Muna tsaye muna ci ya kawo maganar kociyoyi, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai a duk tafiyar.

Ya ce in duba Jonathan Smith. Ɗan Oregon State ne na asali, shi ne mai jefa ƙwallon da ya jagorance su suka lallasa Notre Dame da 41 da 9 a babban wasan ƙarshen kaka na Fiesta Bowl a Janairun 2001. Ya dawo a matsayin koci ya tarar da ƙungiya a ƙasa, ya tayar da ita har ta ci wasa 10 a 2022. Idan akwai wanda za a rantse ba zai tafi ba, shi ne. Amma kwana ɗaya bayan wasansu da Oregon a Nuwambar 2023 ya karɓi aikin Michigan State ta Big Ten, a kan sama da dala miliyan 7 a shekara, ya kwashi mataimakansa da dama, har matashin mai jefa ƙwallo Aidan Chiles ya bi shi. Wanda ya gaje shi, Trent Bray, dala miliyan 2 aka yanka masa.

Ni ban ga laifin Smith ba, kuma na faɗa wa Yaya haka. Koci ba shi kaɗai ba ne. A bayansa akwai mataimaka goma, da masu horar da ƙarfin jiki, da masu nazarin bidiyo, da masu zawarcin yara daga sakandare, kowa da iyalinsa, kuma albashinsu duka daga kuɗin talabijin yake fitowa. Mutumin da bai san wa zai kara da shi baɗi ba, bai san nawa za a ba shi ya biya mutanensa ba, da wane baki zai shiga falon wani uba ya ce ba ni ɗanka shekara huɗu? Waɗanda nake ganin nauyin yana wuyansu su ne shugabannin jami'o'i, masu digiri da alkyabba, waɗanda suka zauna suka amince ɗalibi ya tashi daga Seattle zuwa New Jersey don wasa ɗaya. Wannan tazarar ta fi ta Kano zuwa Jidda. 'Yan ƙwallon Amurka sau ɗaya suke wasa a mako, da sauƙi. 'Yan matan ƙwallon raga da sauran ƙananan wasanni su ne ke kwana a filin jirgi da littafi a cinya.

Kuma kujera ɗaya in ta motsa, sai layi ya motsa gaba ɗaya. A Janairun 2024 koci Nick Saban ya yi ritaya a jami'ar Alabama. Cikin kwanaki Alabama ta ɗauke Kalen DeBoer daga Washington, wanda bai fi kwana huɗu da buga wasan ƙarshe na ƙasa ba. Washington ta ɗauke Jedd Fisch daga Arizona, Arizona ta ɗauke Brent Brennan daga San Jose State. Ko Washington da ta gudu ta bar mu, akwai wanda ya fi ta aljihu.

Bayan Hood River duniya ta sauya, duwatsu tsirara suka koma daji mai duhu, gajimare ya sauko har kan bishiyoyi. Muka samu Juma'a a Portland, muka kwana a gidan wani abokin Yaya. A wannan birnin ne, a wani otal, aka kafa tushen gamayyar a Disambar 1915, kuma Oregon State tana cikin huɗun da suka kafa ta. Mu mun shiga a 1917.

Asabar da hantsi muka gangara kudu ta Salem da Albany. Corvallis gari ne mai tsafta da natsuwa, mutum wajen dubu 60, ko'ina ruwan lemo da baƙi, launin ƙungiyarsu. Na zaci za a yi mana kallon abokan gaba saboda jajayen rigunanmu. Sai ga shi a wurin ajiye motoci mutane na kiran mu mu zo mu ci abinci. Wani ya kafa tutocin jami'o'in biyu a kan sanda ɗaya. Da muka ce ba ma cin naman alade, wata mata ta koma motarta ta kawo mana gasasshen kifi a faranti na takarda.

Filin wasansu, Reser, shi ya fi ba ni tausayi. Ɓangaren yamma sabo ne fil, gilashi da ƙarfe, an rushe tsohon a farkon 2022 aka kashe kimanin dala miliyan 160 wajen gina wannan. An buɗe shi a Satumbar 2023, wata guda bayan gamayyar ta watse. An yi gini don tarbar USC da Washington, sai aka wayi gari ana biyan gamayyar Mountain West dala miliyan 14, mu da su, don a samu abokan wasa na shekara ɗaya.

Kusa da ni wata dattijuwa ce da bargo a gwiwa da 'yar rediyo a kunne. Ta ce tun tana yarinya mahaifinta ke kawo ta, kuma a da tana haddace sunan kowane yaro daga shekararsa ta farko har ya gama. Yanzu ta daina, domin kafin ta riƙe suna ya koma wata jami'ar. Ta ambaci Damien Martinez, mai gudu da ƙwallo, wanda ya koma Miami. Yaya ya leƙo ya ce ai namu Cam Ward ma yana can, su biyun riga ɗaya suke sawa yanzu. Suka yi dariya tare, irin dariyar da ake yi a gidan makoki idan an tuno wani halin mamaci.

Wasan kuwa ya yi daɗi, ban taɓa tsammanin zan yi ihu haka a kan wasan da ban gama gane dokokinsa ba. Mun zo da nasara 8, su kuma sun sha kashi sau biyar a jere, amma ba wanda zai gane haka a fili. John Mateer, mai jefa mana ƙwallo, in ya rasa wanda zai jefa wa sai ya rungume ta ya kutsa da kansa. Aka yi ta ci ana ramawa har 38 da 38. Saura 'yan daƙiƙoƙi, mai bugunsu Everett Hayes ya tsaya daga yadi 55, ya ɗaga ƙwallon ta ratsa tsakanin sanduna. 41 da 38. Dattijuwar ta miƙe bargon ya faɗi ƙasa, tana kuka tana dariya, sannan ta juyo ta riƙe hannun Yaya da hannu biyu.

A hanyar dawowa ranar Lahadi na tayar da maganar da ke damuna. Wata biyu kafin nan, gamayyarmu ta sanar da ɗauko Boise State da Fresno State da San Diego State da Colorado State da Utah State, dukansu daga Mountain West, wadda ta ba mu wasanni lokacin da ba mu da kowa. Na ce, "Yaya, abin da aka yi mana fa shi muka yi musu." Ya ce ya sani. Ya ce doka ta ba mu shekara biyu mu cika jami'o'i takwas ko mu rasa matsayinmu, kuma bai san wata hanyar ba. Bai ce daidai ne ba, ni ma ban matsa ba.

Ba a yi wata guda ba abin ya iso ƙofarmu. Mai tsara mana hari, Ben Arbuckle, ya tafi Oklahoma, Mateer ya bi shi. Kocinmu Jake Dickert, wanda ya sha fitowa yana kare mu a bainar jama'a, ya karɓi aikin Wake Forest kafin mu buga wasanmu na ƙarshe. Jimmy Rogers da aka kawo daga South Dakota State kaka ɗaya ya yi ya wuce Iowa State. A Corvallis an sallami Bray a Oktoban 2025 bayan ya sha kashi bakwai a jere. Shi ma Smith, Michigan State ta sallame shi bayan kaka biyu, da ragowar kuɗin kwantiragi sama da dala miliyan 30 a kanta.

A layin su Yaya akwai gidan haya da wani ƙaramin ma'aikacin ƙungiyar ya zauna da matarsa da 'ya'ya biyu. Ba ya cikin masu miliyoyi, aikinsa yanka bidiyon wasa ne har tsakar dare. A Disambar 2024, bayan mun dawo, na je na tarar da motar kwasar kaya a ƙofarsu, dusar ƙanƙara tana sauka, Yaya yana taya shi ɗaukar katifa. 'Yar babbar tana zaune a kan akwati da jakar makaranta a baya, an cire ta a tsakiyar zango. Matar ta ce wannan ne gari na huɗu da suka zauna tun da aka haife ta. Yaya ya shiga gida ya ɗauko gwangwanin cuku biyu ya sa musu a kujerar gaba.

Wasu suka shiga gidan a watan Janairu, su ma mutanen ƙwallo. Da na je gaishe da Yaya bayan tafiyar Rogers, allon haya ya sake komawa bakin ƙofar.